Tambaya da Amsa: Shigar da Bayanan Kayan Tarihi Cikin Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Bayanan kayan gidan tarihinmu duk a tsofaffin kundaye da katuna suke, an ce mu mayar da su kwamfuta. Ta ina ake farawa? Daga wata ma'aikaciyar gidan tarihi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki kunna kwamfuta, ki gyara lambobi. Kowane abu sai ya samu lambar da ba ya tarayya da wani a kanta. Tsarin da aka fi bi mai kashi uku ne, kamar 2019.14.3: shekarar da aka karɓa, rukuni na 14 a shekarar (rukuni shi ne kayan da aka karɓa tare), abu na uku a rukunin. Tukunya da murfinta su zama 2019.14.3a da 2019.14.3b. Ko abu ya ɓace, ba a ba wani lambarsa. Tsohuwar lambar kati kuma kada ki goge ta, ki buɗe mata gurbi daban a jadawalin kwamfuta, domin da ita za a koma ga kundin asali.

A nan ne Excel, manhajar jadawali da lissafi, ke yi wa mutane ta'adi. Ki rubuta lambar rukuni kamar 2019.10, sai ya ɗauka lissafi ne ya mayar da ita 2019.1, rukuni na goma ya haɗe da na ɗaya. Ki saita gurbin lamba ya zama na rubutu tun kafin ki shigar da komai.

Game da gurabe, ki ɗauki ma'aunin Object ID, wato ƙa'idar bayyana kayan tarihi, wanda aka fitar a 1997, yanzu yana hannun ICOM, majalisar gidajen tarihi ta duniya. Yana neman nau'in abu, da me aka yi shi da kuma yadda aka yi, awonsa, rubutu ko tambarin da ke jikinsa, tsaga ko gyaran da ya bambanta shi, sunansa, abin da yake nunawa, zamaninsa, da wanda ya yi shi, sai hoto da taƙaitaccen bayani. Ki ƙara hanyar da ya shigo: kyauta, saye ko aro. Tsawo, faɗi da nauyi kowanne da gurbinsa, da ma'auni iri ɗaya.

Babbar matsalar rarrabawa ita ce kalmomi. Wannan ya rubuta "tukunya", wancan "tukunyar ƙasa", wani "tukwane". Ranar bincike rabin kayan ba za su fito ba. Ku tsayar da jerin kalmomin da za a riƙa zaɓa daga ciki, mutum ɗaya ne kawai ke da ikon ƙara sabuwa. "Tukunya" a gurbin nau'i, "yumɓu" a gurbin abin da aka yi ta da shi.

Wurin ajiya kuwa jadawalinsa daban. Duk sanda aka motsa abu a ƙara layi: ɗaki, kanta, kwanan wata, wanda ya motsa. In ana rubuta sabo a kan tsoho, ranar da abu ya ɓace babu sawun da za a bi.

Tambaya: Wace manhaja ta fi dacewa da ƙaramin gidan tarihi? Daga wani ɗalibi.

Amsa: CollectiveAccess kyauta ce, amma sai da wanda ya iya girka ta. Omeka ta fi ƙarfi wajen baje kaya a intanet. Ko wacce ka zaɓa, ka tabbatar tana fitar da bayanai a CSV (fayil ɗin jadawali da kowace manhaja ke iya buɗewa) da tsarin adana haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ, ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya. Ka sa wa kowane hoto lambar abinsa, ka ajiye kwafi uku na bayanan da hotunan, ɗaya a wajen ginin.