Kafin Ka Ɗauki Ɗalibai a Sabon Gidan Tausarka

Ɗana, ka tambaye ni abin da za ka tanada kafin ka buɗe naka gidan tausa, da kuma ko ya dace ka ɗauki ɗalibai tun farko domin kuɗin koyonsu ya rage maka nauyin haya. Ba zan ɓata lokaci a kan ta farkon ba, domin wanda ya daɗe tsaye a bayana yana miƙo mini mai, in har bai san irin gadon da ake saya da yadda ake wanke zannuwa ba, to bai isa buɗe ko'ina ba. Ka yi rajistar sunan sana'arka a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka raba ɗakin maza da na mata, ka nemi mace mai hannu ta kula da matan. Ta biyun ce ta sa na zauna rubuta maka, saboda ta nan aka taɓa cutata.

Lokacin da gidana ya fara yin suna, wani ɗan kasuwa da nake yi wa tausa saboda ciwon baya ya kawo mini samari uku, ya ce marayun danginsa ne, yana so in koya musu sana'a. Muka tsaya a kan shekara biyu, kuɗin koyo kuwa ya ce zai biya a dunƙule da zarar kayansa sun iso daga Legas. Mutum ne da ake tashi a gaishe shi a masallaci, don haka ba a rubuta komai ba. Na ciyar da yaran, na bar su suna ɓarnatar da man kaɗanya da man zaitun a jikin junansu, na kama hannuwansu ina ɗorawa a kan tsoka har suka fara rarrabe wadda ta ƙulle da wadda ta saki. Kaya suka iso suka ƙare, ban ga ko sisi ba. Tun ba a yi rabin shekara ba yaran suka ɗauke ƙafa. Ashe mutumin ya kama shago a bayan layinmu, ya zuba gadaje, ya kafa allo da sunana a kai cewa ni na yaye su. Sun kuma kwafe littafin da nake rubuta sunayen masu zuwa wurina, suna bin su ɗaya bayan ɗaya da rabin farashina.

Da abin ya tsaya a kuɗi da na bar shi da Allah. Wani dattijo ya dawo daga doguwar tafiya a mota, sha-raɓarsa ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo. Duk wanda ya gama koyo a hannuna ya san ba a taɓa irin wannan ƙafar, domin sau da yawa jini ne ya daskare a jijiyar ciki, kuma murzawa na iya ɓalle gudan ya bi jini ya toshe huhu. Da dattijon ya je shagon nasu, ɗaya daga cikin yaran ya hau ƙafar da ƙarfinsa. A daren numfashin dattijon ya sarƙe, aka garzaya da shi asibiti, Allah ya sa da sauran kwanansa. 'Ya'yansa ba su nemi ɗan kasuwar ba, ƙofata suka zo, tunda sunana ne a allon. Mutanen da na yi shekaru ina yi wa aiki suka janye, wasu har yau ba su dawo ba, shi kuwa ɗan kasuwar ya sauke allonsa ya koma harkarsa, ko haƙuri bai ba ni ba.

Saboda haka darasin farko da ɗalibinka zai haddace shi ne inda ba a sa hannu: ƙafa ɗaya mai kumburi da zafi, mai zazzaɓi, sabon rauni, gyambo da cutar fata, cikin mai juna biyu. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, da mai shan maganin tsinka jini, ba a danna su da ƙarfi. Wanda ya faɗi kuma ake zargin karaya ko gocewar ƙashi, a tura shi ɗaukar hoto. Asibitin ƙashi na Dala yana nan a Kano tun 1959 domin irin wannan. Kada kuma ka bari wani yaronka ya kira kansa likitan gashin ƙashi, domin wancan karatun jami'a ne, da lasisi daga hukumar da aka kafa musu a 1988.

Yaran yanzu ba sa son jin wannan. Sun kalli bidiyo a TikTok inda ake murɗe wuyan mutum ya yi ƙara, suna ganin sana'ar ke nan, kuma abin da suke nema a wurinka takardar shaida ce da za su ɗauki hoto da ita. Mu sai da muka daɗe muna shara da dafa ruwa kafin a bar mu mu taɓa kafaɗar baƙo.

Shawarata ita ce kada ka ɗauki kowa a shekararka ta farko, domin wanda haya ke kora ba ya iya korar ɗalibin da bai cancanta ba. In lokacin ya yi, a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da waliyyin yaron, a biya rabin kuɗin kafin ya fara, a kuma rubuta ƙarara cewa wanda ya fita bai gama ba ba shi da izinin ambaton sunanka. Littafin masu zuwa wurinka ya kwana a aljihun tebur mai makulli, kuma ɗalibi ba ya keɓewa da mara lafiya sai ka tambayi mutumin tarihin ciwonsa da bakinka.