Ɗana yana Hustan, an ce musu lokacin guguwa ya shigo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce, ina zaune a unguwar Bagalam a nan Maraɗi. Ɗana na fari ya tafi karatu Amurka bara, yana birnin Hustan na jihar Teksas, kusa da teku. Shekaranjiya ya kira ni ya ce makarantarsu ta aiko musu da saƙo, wai lokacin guguwa ya shigo, kowa ya yi tanadi. Shi yana faɗa yana dariya, ni kuwa tun ranar ban yi barcin kirki ba, don ƙannensa sun nuna mini hotuna a waya, gidaje cikin ruwa har rufi. Wace irin guguwa ce wannan da ake raɗa mata suna kamar jaririya? In ta zo, gudu zai yi ko ya zauna a ɗaki? Daga wata uwa, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya tsare shi, ya ba shi abin da ya je nema.

Kalmar guguwa ce ta fara ruɗa mu. Mu abin da muka sani da guguwa shi ne wadda ke tashi da bazara, ta murɗe ƙura da ledoji, ta ɗage zana ɗaya ko biyu, yara su bi ta da ihu, kafin a sauke tukunya ta watse. Wadda ake yi wa ɗanki gargaɗi hadari ce sukutum mai juyawa kamar dutsen niƙa, faɗinta kan kai kilomita 500. Da za a ɗora ta a kanmu, da Maraɗi da Damagaram da Kano duk suna ƙarƙashinta a lokaci guda. Ba ta wucewa da wuri kuma. Gari kan yini ya kwana a cikinta.

Abin da zai ba ki mamaki, yawancin manya-manyansu daga wajenmu suke tasowa. Kin san yadda hadari ke taso mana daga gabas a tsakiyar damina, a yi ruwa, a huta kwana uku ko huɗu, wani ya sake biyowa. Waɗannan gungun hadarin ba sa tsayawa a kanmu. Sukan nausa yamma, su ratsa Yamai da Mali, su faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal. Akasarinsu a can suke mutuwa. Amma in ɗaya ya tarar da ruwan teku ya ɗumama ya kai wajen digiri 26 ko 27, kuma iskar sama ba ta yayyaga shi ba, sai ya yi ta shan tururin teku yana ƙiba, juyawar duniya kuma ta sa shi ya fara kewaya kansa. Bayan mako ɗaya ko biyu ya isa tsibiran Karebiyan ko gaɓar Amurka da suna a kansa. Shi ya sa lokacinsu ya yi daidai da daminarmu: daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, mafi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Mu masu aikin hasashen yanayi a Sahel mukan ce da wasa, ruwan da ya nuna mana gero shi ke cire wa Amurkawa rufi. Kwatano da Lome da Legas sun tsira ne saboda iska na tura hadarin yamma, nesa da su, ga shi kuma sun yi kusa da tsakiyar duniya, inda hadari ba ya samun juyawa.

Sunan kuwa don kada a rikice ne idan biyu ko uku suna teku lokaci guda. Hukumar yanayi ta duniya ke riƙe da jerin sunayen, ana maimaita kowane jeri bayan shekara shida, wadda ta yi mummunar ɓarna kuma a soke sunanta har abada.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe, ki kuma faɗa masa: ruwa ya fi iska kisa. Mutane sukan zuba ido ga lambar guguwa, daga 1 zuwa 5. Lamba 1 tana farawa daga iska mai gudun kilomita 119 a awa, lamba 5 daga kilomita 252. To amma wannan lambar iska kaɗai take aunawa, ba ta faɗin komai game da ruwa, kuma a nan ake yaudaruwa.

Ruwan ta hanya biyu yake zuwa. Ta farko daga teku: iskar takan turo tekun gaba ɗaya zuwa kan tudu, ba igiya ɗaya da za ta buga ta koma ba, tumbatsa ce, teku ya hau gari ya zauna. Lokacin guguwar Katrina, ranar 29 ga Agusta 2005, tumbatsar ta haura mita 8 a gaɓar jihar Misisipi. A birnin Niyu Oliyans kuma katangun da ke tare ruwa suka fashe, kashi 80 cikin 100 na garin ya nutse, aka rasa mutum fiye da 1,300 a guguwar baki ɗaya. Tun kafin nan, a 1900, tumbatsa ta shafe Galbeston, tsibirin da ke bakin teku kilomita 80 daga inda ɗanki yake, mutum aƙalla 6,000 suka halaka. Har yau Amurka ba ta ga bala'in yanayi mai kisa kamarsa ba.

Hanya ta biyu daga sama, kuma ita ce ta fi shafar Hustan. A Agustan 2017 guguwar Harvey ta shigo gaɓar Teksas, sai ta ƙi gaba ta ƙi baya, ta yi kwana huɗu tana zuba. Akwai wurin da aka auna ruwa milimita 1,500 da ɗoriya. Mu nan Maraɗi in damina ta yi kyau wajen milimita 500 muke samu a shekara, kin ga ruwan damina uku ke nan cikin ƙasa da mako. Garin kuma shimfiɗe yake kamar faifai, an lulluɓe shi da kwalta da siminti, ƙoramu sun ratsa unguwanni, ruwa bai da wurin nitsewa. Ina kyautata zaton hotunan da aka nuna miki na waccan shekarar ta 2017 ne.

Wannan ba baƙon darasi ba ne ga Bamaraɗe. Tsohon garinmu a cikin kwarin Gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hauro tudu. Ruwan ƙarshen Agustan 2024 ma ya nuna mana cewa a gari ɗaya wani ya kwana lafiya, wani ya wayi gari ba katanga, bambancin kawai inda gidan yake da abin da aka gina shi da shi. Can ma haka ne. Don haka tambayar gudu ko zama, amsarta tana ga adireshinsa. Hukumomin yankin sun raba unguwannin da ke kusa da teku rukuni-rukuni bisa lambar gidan waya, in guguwa ta tunkaro sai a ce rukuni kaza su tashi. Ya nemi sanin rukuninsa yau. Ya kuma tambayi maƙwabtan da suka daɗe a gidan tambaya ɗaya: a 2017 ina ruwa ya tsaya? Wannan amsar ta fi taswira. In ɗakinsa a ƙasa yake kusa da ƙorama, tun yanzu ya san abokin da ke hawa na biyu ko na uku a unguwar tudu.

In an ce rukuninsa su tashi, ya tashi a ranar, kada ya jira ya ga hadari da idonsa. Cibiyar lura da guguwa da ke Miyami takan ba da sanarwar a zauna da shiri awa 48 kafin iska ta iso, sannan gargaɗi na ƙarshe awa 36 kafin nan. Lokacin rana na haske, gari lafiya lau, shi ya sa samari ke dariya.

In kuma ba a ce ya tashi ba, kada tsoronki ya kore shi kan hanya. Na faɗi haka da gangan, don na san uwa. A Satumban 2005, makonni kaɗan bayan Katrina, aka ce guguwar Rita ta nufo Hustan. Mutum fiye da miliyan biyu suka fito lokaci guda, har da waɗanda gidajensu ke tudu. Hanyoyi suka cushe, motoci suka yini suka kwana wuri ɗaya, mai ya ƙare, ga zafi. Wajen mutum ɗari suka mutu a gudun, guguwar kuma ta karkata gabas ta bar birnin. Tun daga nan jami'an yankin ke nanata wa mutane cewa ruwa ake guje wa, iska kuwa ɓuya ake yi mata.

Ɓuyar tana da ƙa'ida. Gidajensu da yawa na katako ne, da manyan tagogin gilashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in taga ɗaya ta fashe iska ta shiga, ita ke ɗaga rufi daga ciki. Ya shigo da duk abin da ke waje wanda iska za ta iya jifa da shi, ya nisanci taga, ya zauna a ɗakin tsakiya marar taga, ko da banɗaki ne, da katifa kusa. Akwai kuma tarkon da ya ci mutane da yawa. A tsakiyar guguwar akwai fili mai faɗin kilomita 30 zuwa 60, kusan daga nan zuwa Ɗan Isa, ana ce masa ido. In ya ratsa ta kan gari sai iska ta ɗauke ɗif, wani lokaci har a ga taurari. Mutum ya fito duba mota, can sai iskar ta dawo da ƙarfinta ta ɗaya ɓangaren. Kada ya fita sai rediyo ta ce an gama.

In ruwa ya shigo ɗaki yana hawa, ya kashe wuta daga babban makunni in zai iya ba tare da ya taka ruwa ba, ya hau sama. Amma ban da shiga ƙurya tsakanin silin da rufi. A Katrina an tarar da gawarwaki a irin wannan wuri, ruwa ya biyo su ba mafita. Gara kan rufin, inda masu ceto za su gan shi. Mota kuwa ita ce akwatin gawa a ambaliya. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato idon sawu, yana kayar da ƙato. Santimita 30 yana ɗauke ƙaramar mota. Hanyoyin Hustan suna da gangare a ƙarƙashin gadoji, da dare ba ka sanin zurfinsu sai ka shiga.

Tanadin da makaranta ta ce su yi ba wani abu mai tsada ba ne, sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, don kwana biyu kafin guguwa kantuna kan zama wayam. Ruwan sha lita huɗu a kowace rana, na aƙalla kwana uku, na mako ya fi. Abincin da ba ya son firji ko wuta; in kina da mai tafiya, ƙuli-ƙuli da garin rogo da dabino sun fi rabin abin da ke kantinsu amfani a irin ranar. Tocila, batir, abin cajin waya a cike, kuɗi a hannu don na'urar kati ba ta aiki in ba wuta, tankin mota a cike. Fasfo da takardun makaranta a cikin leda mai rufewa, ya kuma ɗauki hotonsu ya turo miki. In yana biyan inshorar kayan ɗaki, ya karanta takardar, don galibi ba ta haɗa da ambaliya, inshorar ambaliya daban ake saye, kuma ta gwamnati sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki.

Sauran abin da ba a cika ɗaukar hotonsa ba shi ne kwanakin da ke biyo baya. A Yulin 2024 guguwar Beryl ta bi ta Hustan, lamba 1 ce kacal, amma gidaje da shaguna fiye da miliyan biyu suka rasa wuta, wasu har fiye da mako, cikin zafi mai gumi irin wanda ba mu saba da shi ba, kuma zafin ya kashe mutane. A tsibirin Fato Riko bayan guguwar Maria ta 2017, an ƙiyasta mutuwar kusan mutum 3,000, akasari a watannin da aka yi ba wuta ba magani. Sai janareta. Ɗan Maraɗi ya saba da gurup, zai ga kamar ya fi kowa iya shi, a nan nake jin tsoro. Mu a tsakar gida muke ajiye shi, iska na kaɗawa. Can gidaje a toshe suke ruf, mutum ya kunna shi a gareji ko bakin taga don gudun ruwa ko ɓarawo, hayaƙinsa marar wari ya cika ɗaki, a kwanta ba a tashi ba. Bayan guguwar Laura a Luwiziyana a 2020, da yawa daga cikin mamatan ta haka suka tafi. Gawayin shayi ma haka, kada ya hura shi a ɗaki. Ruwan da ya kwanta a titi kuma kada ya shiga: akwai na masai a ciki, da wayoyin wuta da suka faɗo, da macizai, da wasu jajayen tururuwa masu cizo da ke dunƙulewa su yi ta yawo a kan ruwa.

Ke kuma, Hajiya, ku yi alkawari tun yanzu. In guguwa ta tunkaro, ya faɗa miki inda zai kwana, ya ba ki lambar mutum ɗaya da ke wani gari wanda zai riƙa sanar da shi halin da yake ciki. Bayan ta wuce layukan waya kan cushe ko su faɗi, rubutaccen saƙo ya fi kira shiga, kuma kowane kira yana cin batirin da ba shi da wurin cajinsa. Ku tsayar da lokaci ɗaya a rana da zai kunna waya ya turo kalma biyu. A wannan lokacin na shekara muna gabansu da awa shida, in ya turo da azaharsu zai same ki bayan isha'i.