Salka, Guzuri da Goran Tafiya: Amsa ga Masu Wasan Duniyar Gobe

Wani ɗalibi daga unguwar Zango a nan Damagaram ya aiko da tambaya. Shi da abokansa suna wani wasa na baki, inda kowa yake ɗaukar matsayin matafiyi a ayarin da zai ratsa hamada zuwa Bilma bayan shekara 200, lokacin da rijiyoyin hanya suka ƙafe. Yana neman sunayen da za su ba kayan da suka ƙago, musamman abin da ke samar da ruwa daga iska da abincin da aka matse ya zama ɗan mitsitsi, sannan yana so ya san ko karin maganar nan, "Ba a fafe gora ranar tafiya", za ta yi ma'ana a duniyar da ba a noman duma.

Ɗana, na ga a wasiƙarka kusan kowane abu ka kira shi "na'ura mai kaza", kuma wannan ita ce hanyar da ta fi nisa da bakin Bahaushe. Idan sabon abu ya zo masa, yakan duba tsohon da ke irin aikin ya ara masa sunansa. Jirgi na ruwa ne tun asali, amma da dogo ya iso Kano a 1911 sai aka ce jirgin ƙasa, da na sama suka sauka can a 1925 aka ce jirgin sama, ba wanda ya ruɗe. In kuwa babu tsohon da za a ara, yakan laƙaba suna daga aikin abin ko daga abin da kunne ke ji, kamar fitilar a-ci-balbal, ko ƴan garuwa da kowane mutumin garin nan ya san darajarsu da bazara, waɗanda kiransu na "ga ruwa" ya zame musu suna.

Game da abin ruwan, ka ce kuna kiransa salka. Salka fatar akuya ce da aka jeme aka ɗinke, kuma ban da riƙe ruwa tana sanyaya shi, domin danshin da ke tsattsafowa ta jikin fatar yana bushewa a iska ya tafi da zafi, shi ya sa ake rataye ta a gefen raƙumi inda iska za ta buge ta. Sai dai salka ba ta haifar ruwa, abin da aka ɗura mata shi take bayarwa. Naku kuwa tatsowa yake yi, don haka na fi son ku ce matatsin raɓa. Ku lura da ƙarshen kalmar: mabuɗi, magirbi da madubi kayan aiki ne, suna ƙarewa da "i", amma majema, marina da makaranta wurare ne, suna ƙarewa da "a". Matatsi shi ne wanda matafiyi zai goya, matatsa kuma wurin da ayari zai yada zango ya cika salkunansa.

Abincin guzuri ne, wato abin da ake tafiya da shi don ci a hanya, saɓanin tsaraba da ake dawowa da ita. Kada ku ce ƙwayar guzuri, don ƙwaya ta riga ta ɓata sunanta a bakin iyaye. Curin guzuri ya fi, tun da curin fura ma abinci ne da aka dunƙule don a dama a gaba.

Karin maganar tana buƙatar a san yadda ake gora. Fafewa ita ce a yanke bakin busasshen duma, a ƙwaƙule ƴaƴa da totuwar da ke ciki. Ko an yi haka ba a gama ba, domin sabon gora yana da ɗaci, sai an jiƙa shi ana zubarwa ana sakewa na kwanaki kafin ruwansa ya shawu. Wanda ya fafe da safiyar tafiya zai ɗauki ruwa, amma ruwan da ba zai iya haɗiyewa ba. Ma'anar ke nan ta wuce gargaɗi a kan makara kawai, tana nuna cewa akwai shirin da gaggawa ba ta gajarta shi. Don haka madugun wasanku yana da damar faɗinta ga yaron da ya tashi da batirin da bai sha rana ba, ko da yaron bai taɓa ganin duma ba, kamar yadda mutanen birni suke cewa "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni" alhali da gas suke girki.

Abin rufe hanci da baki saboda guguwa, wanda ka ambata a ƙarshen wasiƙarka, ba ya bukatar sabon suna. Amawali ne, ɓangaren rawani da ake jawowa a rufe fuska da shi, ko da naku na roba ne mai matatar ƙura a ciki.