An ɗora min tara wa Yaya kuɗin takarar kansila daga Jidda

Wasiƙar wannan makon daga Jidda take, na taƙaita ta:

"Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a wani kamfani, na cika shekara 7, igamata (katin izinin zama a Saudiyya) da ranta, ban taɓa samun matsala da hukuma ba. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya zai fito takarar kansila a mazaɓarmu a jihar Kano. Ya taɓa koyarwa a makarantar kuɗi, daga baya na buɗe masa shagon kayan waya, bai daɗe ba ya rufe. Yanzu yana yi wa mutane alkawarin kwalta har cikin gari, da taransifoma, da aikin gwamnati ga matasa. Gida sun yi taro ba da ni ba, suka naɗa ni shugaban 'yan Saudiyya na tafiyar. Suna so in buɗe zaure a WhatsApp na 'yan garinmu da ke Jidda da Makka, kowa ya riƙa tura gudummawa asusuna na banki, ni kuma in miƙa wa wani ɗan canji da Yaya ya turo min lambarsa, wai ya fi banki farashi. Kawu ma cewa ya yi in ajiye aiki in karɓi kuɗin sallama in dawo a yi da ni. Da na nuna ɗari-ɗari, Hajiya ta ce ashe ba na son ci gaban gidanmu. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ɗari-ɗarin nan da kake yi shi ne daidai, kada ka bari a kunyata ka a kansa.

Bari in fara da asusun bankin, don nan ne ramin yake. Asusun nan a jikin lambar igamarka yake, kuma banki ya san albashinka har kwabo. Direban da kuɗi ke shigo masa daga wuri ɗaya a ƙarshen wata, kwatsam sai ga mutum talatin ko arba'in suna turo masa riyal ɗari-ɗari, ɗari biyu-biyu, washegari kuma ya kwashe ya tura wa mutum guda. Ba sai wani ya kai ƙararka ba, tsarin bankin da kansa zai ɗaga maka tuta. In aka rufe asusun aka ce ka zo ka yi bayani, me za ka ce? In ka ce taimako ne, tara gudummawa ba tare da lasisi ba laifi ne a ƙasar nan, hukuma ta sha nanata wannan gargaɗin, kuma taimakon da zai fita waje cibiyar agaji ta Sarki Salman ce kaɗai aka yarje wa karɓa. In ka ce na siyasa ne, ka ƙara wa kanka, domin ƙasa ce da ba a yin jam'iyya a cikinta, balle baƙo ya kafa reshen kamfe. Sunan zauren, da hoton Yaya da hular jam'iyya, da jerin sunayen waɗanda suka biya, duk suna cikin wayarka, an riga an rubuta musu shaidar.

Sannan ka tuna su waye za su turo. A cikin 'yan garinku na unguwannin Shara Mansur a Makka da Karantina a Jidda akwai waɗanda igamarsu ta mutu, akwai waɗanda kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansu, ya kai su hurub, wato ya kai rahoton sun gudu daga aiki, akwai waɗanda da Umara suka shigo suka zauna. Irin waɗannan ba su da asusu, ta hannun wani za su turo, ko su kawo maka a hannu kai ka zuba. Ranar da aka bi sawun kuɗin, ba kai kaɗai za a ɗauka ba, ka jawo wa talakawan da ke lallaɓa rayuwarsu tafiya Shumaisi, inda ake tsare baƙin da za a kora. Wannan nauyi ne da Kawu bai lissafa ba, don bai taɓa ganin motar jawazat, 'yan shige da fice, ta tsaya a bakin lungu ba.

Ɗan canjin da aka turo maka lambarsa kuwa, ka goge ta. Duk wanda ya ce zai ba ka farashin da ya zarce na kowa, tambayi kanka daga ina ribarsa take fitowa. Na ga yadda abin ke tafiya ba sau ɗaya ba. Turawar farko da ta biyu, kafin ka koma ɗaki alat ya shiga gida. Sai mutane su saki jiki, a tara masa mai kauri. Daga nan sai "network ne", sai "yarona na Kano ya yi tafiya", sai waya a kashe. Na san wani tela a Makka da ya zama ɗan tsakiya a irin wannan, kuɗin mutane ya bi ta hannunsa ya salwanta, ya ɗauki lokaci yana biya daga ɗinkinsa, kuma bai isa ya je wurin 'yan sanda ba, don hanyar da ya bi ita kanta haramtacciya ce. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni: wani lokaci nairar da ake biyan gida da ita ta damfara ce, sai a wayi gari an toshe asusun wanda ya karɓa a Najeriya. Kuɗinka na guminka, ka tura ta banki ko kamfanin turawa mai lasisi, da sunanka, ka adana rasit. 'Yar ragin da za a yi maka ba ta kai kwana ɗaya a tarhil, gidan jiran kora, ba.

Maganar Kawu, mu yi lissafi. A dokar ƙwadago ta nan, kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kowace shekara ta biyar ɗin farko, sannan cikakken wata a kowace shekara bayan haka. Shekara 7 ke nan albashin wata huɗu da rabi. Amma wanda ya ajiye da kansa tsakanin shekara 5 zuwa 10, kashi biyu cikin uku yake samu, wato na wata uku. Na wata uku, ƙanena. Shi ne za ka sayar da aikin da ke ciyar da gidanku saboda shi, kuma a satin farko na kamfe zai ƙare a fasta da man mota da shayin 'yan jagaliya. In zuciyarka na son ka halarta, kana da hutun kwana 30 a shekara tunda ka haura shekara biyar. Ka nemi bizar fita da dawowa, ka je, in kana da katin zaɓe ka kaɗa masa ƙuri'a, ka dawo kafin bizar ta ƙare. Daga nan dai ba a zaɓe, dokar Najeriya ba ta ba mazauna waje dama ba, don haka wannan sarauta ta shugaban 'yan Saudiyya ba ƙuri'a ake nema da ita ba. Riyal ake nema.

Yanzu ga Yaya. Ban san shi ba, ba zan ce mutumin banza ne ba, wanda ya riƙe alli ya koyar da yara yana da abin faɗa. Amma alkawuran da ka lissafa sun nuna ko dai bai san kujerar da yake nema ba, ko ya sani yana yi wa mutane romon baka. Kansila ɗan majalisar ƙaramar hukuma ne. Aikinsa ya zauna da 'yan uwansa su amince da kasafi, su yi ƙananan dokoki, su sa ido kan ciyaman, ya kuma kai kukan mazaɓarsa. Ba shi ke ba da kwangila ba, ba shi ke ɗaukar aiki ba, wuta kuwa ta kamfanin rarraba lantarki ce. Abin da kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma shi ne irin su kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu a makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi. Da Yaya ya ce zai tsaya kai da fata a gyara famfon unguwa da ya lalace, a yashe kwata kafin damina, a kawo ungozoma mai kwana a asibitin, da na ce ga mai magana. Ko hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, bai mayar da kansila gwamna ba.

Tambayar da ta fi kowace, wadda ban ga an amsa a wasiƙarka ba: wa ya tsayar da shi? Zaɓen ƙananan hukumomi hukumar zaɓen jiha ke yi, ba INEC ba. A Kano, zaɓen 2021 APC mai mulki ta kwashe ciyamomi 44 da kansiloli 484 ba ta bar ko ɗaya ba. A Oktoban 2024 NNPP mai mulki a lokacin ta yi hakan dai. A wancan karon hukumar ta fara yanka naira miliyan 5 kuɗin fom na kansila kawai, har maganar ta kai kotu. Ka gane ke nan, takarar a ɗakin jagororin jam'iyya ake gama ta. In sunan Yaya na cikin takardarsu, ba ya buƙatar kuɗin masu wanke-wanke na Makka. In ba ya ciki, ko Jidda gaba ɗaya ta tara masa ba zai shiga ba.

Saura Hajiya, kuma nan ne na san ya fi ci maka rai. Biyayya gare ta wajibi ce, amma ba ta ce ka je a kama ka ba, ba ta san abin da ake nema a wurinka ba ne. An faɗa mata "ɗan taimako ne kawai". Waɗanda suka shiga tsakaninka da ita da wannan magana su ne ba su kyauta ba, su da suka yi taro a kan aljihunka ba su ko kira ka ba, bayan shagon da ka buɗe ya rufe babu wanda ya yi maka bayani. Kada ka yi wannan maganar a zauren 'yan uwa, can kowa zai so ya nuna ya fi ka kishin gida. Kira ta ita kaɗai bayan sallar asuba, ka gaishe ta da kyau, ka ce: "Hajiya, abin da aka ce in yi, a nan ɗauri ne da kora. In aka koro ni, kuɗin maganinki da na makarantar yara sun tsaya." Uwa tana jin wannan yaren. In akwai malami ko dattijon da take jin maganarsa, musamman wanda ya taɓa zama a nan, ka sa shi ya ƙara mata bayani.

Shi kuma Yaya, ka yanke abin da za ka iya daga albashinka, wanda ko ya tafi ba zai taɓa cefanen Hajiya ba. Ka tura masa sau ɗaya ta banki, ka gaya masa a fili cewa kyauta ce ta ɗan'uwa kuma daga ita babu ƙari. Ka roƙe shi ya cire sunanka da lambarka daga duk wata fasta ko sanarwa. In an riga an buɗe zauren an sa ka admin, ka fita yau, kuma duk wanda ya riga ya turo maka wani abu ka mayar masa ta hanyar da ya turo.