Ki ƙirga jarkunanki kafin ki yanka kwami

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Na ga tambayarki, inda kika ce kin ƙudurta cewa da shigowar sabuwar shekara za ki fara lambu a tsakar gidanki, kina son tumatir da albasa da karas da latas, sai dai ba ki san ko kin makara ba, kuma kina fargabar kada wannan ƙuduri ya bi sahun na bara da na bara waccan, waɗanda kika ce ko ƙarshen Fabrairu ba su gani ba. Ni malamar makaranta ce a Zariya, kuma wannan ne sanyi na bakwai da nake lambu a wani ɗan fili da ke bayan ɗakin girkina. Da irin ƙudurinki na fara, a irin wannan lokaci, don haka daga abin da ya same ni zan ba ki amsa.

Game da makara, kin makara a wasu abubuwa, wasu kuma yanzu ne lokacinsu. Shekarar lambu tana farawa ne da ɗaukewar ruwan sama, babu ruwanta da kalandar da muke ratayewa a bango. 'Yan lambun da ke bakin kogunan Kubanni da Galma a nan wajenmu, da manoman Kadawa da ke ban ruwa daga madatsar Tiga a jihar Kano, tun Oktoba zuwa Nuwamba suke zuba irin tumatir, ya yi mako 3 zuwa 4 a wurin reno, sannan su dasa. Shi ya sa daga Janairu zuwa Maris kwanduna ke cika kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, farashi ya faɗi warwas. Dalilin wannan sammako shi ne tumatir yana son ya yi fure dare na da sanyi. Da zarar zafin rana ya kai wajen digiri 35, dare ma ya ƙi hucewa, sai furen ya riƙa bushewa yana zuba ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Wadda ta zuba iri a makon farko na Janairu za ta dasa a farkon Fabrairu, fure ya zo mata a Maris, daidai lokacin da bazara ta kankama.

Haka ya faru da ni a shekarata ta farko. Na sa aka yanka mini kwami 12, na cika rabinsu da tumatir, ina ta lissafin cewa na yi ban kwana da sayen kayan miya. Shuka ta tashi kore shar, har maƙwabta suna shigowa kallo. Da Maris ya shigo, kullum da safe sai in tarar da ƙananan furanni rawaya a zube a gindinta. Bayan haka ganyen ya fara yin wasu fararen tabo kamar an kankare shi daga ciki, da na ɗaga ɗaya na haska a rana sai na hango 'yar tsutsa kwance tsakanin fatun ganyen. Ita ce wadda manoma ke kira sharon, masana kuma suna ce mata Tuta absoluta, wadda ta yi wa gonakin tumatir na Kaduna da Kano da Katsina kaca-kaca a 2016, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Zafi ne ke ƙara mata yaɗuwa. Abin da na tsinka a kwami 6 bai cika ɗan kwanon sha biyu ba, alhali a makonnin da nake ta wahalar ban ruwa tumatir yana araha a kasuwa kamar a ba ka kyauta. Saboda haka shawarata ita ce ki bar tumatir sai Oktoba mai zuwa. Idan ranki ya nace, ki nemi dashe wanda ya riga ya girma a wurin 'yan lambu, ki sa gindi 4 ko 5 a buhu don ki koyi halinsa.

Albasa ma kusan haka take, domin renonta kaɗai yana cin mako 6 zuwa 8 kafin a dasa, sannan ta ƙara wata 3 ko fiye kafin ta yi kai. Amma idan kika sayi dashe kika kafa a gefen kwami, za ki sami lawashin da za ki riƙa yankawa a miya da kwaɗo, wanda ni a wurina ya isa riba.

Abin da ya dace da ke yanzu shi ne ganye. Latas yana matuƙar son wannan sanyi: mako 3 a wurin reno, mako 4 zuwa 5 bayan dashe ya isa ci, kuma idan kika riƙa ɓalle ganyen waje kina barin tsakiyar, gindi ɗaya zai ciyar da ke sau da yawa. Da zafi ya shigo zai miƙe sama ya yi fure ya yi ɗaci, a nan zamaninsa ya ƙare. Lansir ya fi kowa sauri, cikin mako 2 zuwa 3 kin fara yanka, kuma shi nake ba kowace sabuwar mai lambu shawarar ta fara da shi, saboda ganin abin da ka shuka a cikin kwanonka da wuri yana ƙara ƙarfin gwiwa. Karas kuwa ba a dasa shi. A wurin da zai zauna ake shuka shi, kuma yana neman kusan wata 3, don haka kada ya wuce makon farko na Janairu. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai ki gauraya shi da yashi kafin ki yafa, ki rufe da busasshiyar ciyawa, kada ki bar saman ƙasar ya bushe har ya tsiro, abin da kan ɗauki kwana 7 zuwa 14. Idan ya tsiro ki daure ki rage shi, ki bar tazarar yatsu uku tsakanin gindi da gindi. Na san ciwon tuge tsiro mai lafiya, amma shekarar da na ji tausayinsa karas kamar tsinken sakace na haƙa. Alayyafo yana nawa a tsakiyar hunturu, sai ƙarshen Fabrairu yake sakin jiki, shi da rama da yakuwa da kuɓewa su ne za su gaji wurin latas idan zafi ya zo.

Yanzu ga batun da ba ki tambaya ba, wanda kuma shi ne zai yanke hukuncin ko lambun zai rayu: ruwa. A gwajina, kwami mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2 yana shan kusan rabin jarka mai lita 25 kowace rana a lokacin sanyi, idan bazara ta shigo kuma sai ya nemi kusan jarka guda. Ki lissafa kwami 12 da na yanka, za ki ga jarka 6 nake ja daga rijiya kullum kafin in tafi makaranta, a Maris kuma abin ya ninka, a daidai lokacin da rijiyar ta yi ƙasa har sai da muka ƙara wa guga igiya. Ban yi wannan lissafi ba sai da bayana ya yi mini shi. Idan wurin 'yan garuwa kike sayen ruwa, ki buga kuɗin jarka sau kwana 90 tun kafin ki sayi iri. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da na ɗauraye ganye duk ina tara su a bokiti ɗaya a bakin ɗakin girki, suna rage mini nauyi sosai, amma ruwan wanki mai omo ba ya zuwa kusa da shukata. Kwamin kuma ki yi shi mai ɗan zurfi da baki kewaye, irin na 'yan fadama, domin ruwa ya kwanta ya shiga ƙasa maimakon ya gangare.

Kafin ki sa fartanya, ki ɗauki yini guda kina lura da inda rana ke faɗawa a tsakar gidan. A watannin sanyi rana tana karkata kudu, saboda haka gindin katangar kudu inuwa yake samu mafi yawan yini, kayan lambu kuwa suna son rana ta awa 6 ko fiye. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tana busar da ƙasa tana tula wa ganye ƙura, zana ɗaya ko shingen kara a wannan ɓangare yana maganinta. Taki ki nemi kashin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro yake yi. Wajen sayen iri ki duba kwanan watan da ke jikin fakiti, domin an taɓa sayar mini da irin latas da ya kwana biyu a shago, na yi kwana 10 ina shayar da ƙasa zalla. Babban abokin gabana kuwa ƙadangare ne: da rani babu wani kore a unguwa sai naki, tsiro yana leƙowa zai aske shi tas. Tsohon gidan sauro da aka ɗora a kan 'yan sanduna yana kare shi, ya kare kaji. Darɓa idan ta taru a bayan ganye, ina daka ganyen darbejiya in jiƙa ya kwana, in tace, in ɗan sa sabulu, in yayyafa da yamma. Akwai hadisin da ya ce duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce a gare shi, kuma da shi na rarrashi kaina ranar da akuyar maƙwabta ta tarar da ƙofa a buɗe, amma washegari na sa aka gyara sakatar.

Game da tsoron da kike yi na watsar da ƙuduri, abin da na lura da shi a kaina shi ne ƙudurorina da suka mutu duk sakamako nake ambata a cikinsu: zan daina sayen kayan miya, zan sauke kaza, zan tara kaza. Babu wanda na faɗi abin da zan yi gobe da safe, da ƙarfe nawa, da wane hannu. A shekara ta biyu na rage kwami daga 12 zuwa 3, na kuma sauya lafazin niyyar: bayan sallar asuba, kafin in ɗora ruwan koko, zan zuba jarka ɗaya da rabi. Aikin minti 15 ne, kuma da yake na jingina shi da abin da ba na fashinsa, ban taɓa buƙatar wanda zai tuna mini ba. Hadisin da aka ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, na daɗe da haddace shi, amma a bakin kwami na gane nauyinsa. Lambu yana da wani hali da ya sa ya fi sauran ƙudurori taimakon mai shi: idan kika yi fashin kwana 2 a hunturu, latas zai langaɓe a gabanki, ba sai ƙarshen shekara za ki gane kin yi sake ba. Ki kuma tanadi wanda zai karɓe ki ranar tafiya ko rashin lafiya. Ni ɗana na biyu ne, na ba shi kwami guda ya zama nasa, shi ke sayar mini da lansir ɗinsa, kuma ba ya yi mini ragi.

Ki sa wa niyyar wa'adi na kusa. Azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Na 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 kuma bayan tsakiyar Fabrairu. A shekarar da azumi ya zo bayan tsakiyar Fabrairu, idan kika zuba irin latas a makon farko na Janairu, in Allah ya yarda da ganyen gidanki za ki yi haɗin buɗa baki a goman farko. Bayan salla sai ki zauna ki duba ko ruwa da lokaci sun ishe ki, daga nan ki yanke shawarar ko za ki ƙara kwami a Oktoba don tumatir da albasa.

Idan kin auna filin, ki faɗa mini tsawonsa da faɗinsa, da kuma ko rijiya gare ki ko famfo ko sayen ruwa kike yi, sai mu lissafa tare kwami nawa za ki yanka. Allah ya sa albarka.