Ko falsafar Aristotal za ta iya gyara halin ma'aikata a ofis?

Tambaya: Ni ce mai kula da sashen ma'aikata a wani kamfani, mun kai mutum tamanin. Mun rubuta ƙa'idojin aiki, mun manna "gaskiya" da "riƙon amana" a bango, amma ba abin da ya sauya. Na ji ana amfani da koyarwar Girkawan dā wajen tafiyar da ma'aikata. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, ki fara da cire rai daga abin da ke manne a bango. Aristotal, masanin falsafa na Girka kuma ɗalibin Aflatun, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya koyar da cewa kyakkyawan hali da sabo ake samunsa. Magini da gini yake zama magini, mai adalci kuma da yawan yin adalci. Mu mukan ce hali zanen dutse ne. Shi kuwa zai ce gaskiya ne, amma kullum ana kan sassaƙa shi, kuma wurin aiki na cikin masu riƙe da guduma.

Aikin farko shi ne ki zaɓi ɗabi'u uku ko huɗu, kada su wuce haka, ki rubuta wa kowace iyakokinta biyu. A wurin Aristotal ɗabi'ar kirki tana tsakanin gazawa da wuce gona da iri. Ɗauki jarumta. Akawun da ya ga an yi aringizo a lissafi ya ja bakinsa ya gaza. Wanda ya miƙe a taro ya kira shugaba ɓarawo ba hujja ya wuce gona da iri. Na tsakiya shi ne ya haɗa takardu ya kai inda ya dace. Tsakiyar nan ba da awo ake gano ta ba. Shi kansa ya ba da misalin Milo, ɗan kokawa, cewa abincin da ya yi wa Milo kaɗan zai yi wa sabon shiga yawa. Haka faɗar gaskiya: yadda za a gyara wa ma'aikacin wata biyu daban, na shekara goma daban.

Daga nan ki duba abin da kamfani ke biyan lada a kai, don nan ne ainihin makarantar. A 2016 hukumomin Amurka sun ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan ta bayyana ma'aikata na buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba don cika adadin da aka ɗora musu. An kori kusan mutum 5,300. Ba a ce duk ɓarayi aka ɗauka aiki ba, tsarin ne ya saba musu. Masanin falsafa Alasdair MacIntyre, wanda ya farfaɗo da tunanin Aristotal kan hali a 1981, ya bambanta amfanin da ke cikin sana'a kanta, wato ƙwarewa da ingancin aiki, da wanda ke wajenta, kamar kuɗi da muƙami. Ki ɗauko sunayen waɗanda aka ƙara wa girma cikin shekara biyu, ki tambayi kanki me kowa ya yi ya samu. Ma'aikatanki sun riga ki sanin amsar.

Sai abin da Girkawa ke kira "foronesis", hikimar sanin abin da ya dace a wannan hali, da wannan mutum. Aristotal ya lura cewa yaro kan gwanance a lissafi, amma wannan hikima sai da gogewa. Don haka lacca ba ta koyar da ita. Sau ɗaya a wata ki tara shugabannin sassa na minti arba'in, a kawo matsala guda da ta faru, a ɓoye suna, kowa ya faɗi hukuncin da zai yanke da dalilinsa. Misali, direban da bai taɓa makara ba ya yi kwana uku yana makara saboda jinyar mahaifiyarsa. Doka ta ce a yanke albashi. Aristotal ya yarda doka ba ta hango komai ba, ya kwatanta sassauci da ma'aunin dalma na maginan tsibirin Lesbos na Girka, mai lanƙwasuwa ya bi siffar dutse.

A nan ake yawan faɗuwa. Sassauci kan rikiɗe ya zama son kai, ɗan gida a yafe masa, bare a hukunta shi. Maganinsa, duk wanda ya kauce wa doka ya rubuta dalili a layi biyu, wani shugaban ya sa hannu. Kuskure na biyu shi ne ba wa ɗabi'a maki ɗaya zuwa biyar a fom ɗin ƙarshen shekara. Da zarar kin yi haka, mutane za su koyi nuna kirki a gaban mai ba da maki. Ki nemi misalin abin da mutum ya aikata, da rana da wuri.

Kada kuma ki kwashi Aristotal ɗungurungum. Ya halatta bauta, ya raina aikin ƙwadago, bai ɗauki mata daidai da maza ba. Albashi kan lokaci, hutu da haƙƙin sallama, dokar ƙwadago da takardar ɗaukar aiki ne ke tsare su, ba a barinsu ga kirkin shugaba.