Shin launin daɓen gidan Casale yana koɗewa ne?

Tambaya: Malam, ina karatu a Italiya, kuma na kai ziyara tsohon gidan Rumawa na Casale da ke kusa da garin Piazza Armerina a tsibirin Sisili. Hankalina ya tashi da na ga zanen ƙananan duwatsun da ke daɓen bai yi haske kamar yadda nake gani a hotuna ba. Wani abokin tafiyata ya ce da za a yayyafa masa ruwa da launin ya dawo. Koɗewa yake yi ne, ko sakaci ne na masu kula da wurin?

Amsa: Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. Launin ba fenti ba ne, na jikin marmara da farar ƙasa da gilashin da aka yayyanka ne tun farkon ƙarni na 4, kuma abin da ya dusashe maka shi ƙura ce da gishirin da ke tasowa daga ƙasa. Taɓon da ya binne gidan a ƙarni na 12 shi ya adana daɓen da faɗinsa ya kai kusan murabba'in mita 3,500, har masanin tono kayan tarihi Gino Vinicio Gentili ya tono shi a shekarun 1950.

Shawarar abokinka kuwa ita ce masifar da muke fama da ita kullum, domin akwai 'yan rakiyar baƙi a wuraren tarihi da dama na gaɓar Bahar Rum da ke kwarara ruwan gora a kan zane don baƙo ya ɗauki hoto mai kyau ya ba su na goro. Gaskiya ne launin yana fitowa na ɗan lokaci, amma ruwan yana bin tsakanin duwatsun ya shiga kwaɓin farar ƙasar da ke riƙe da su, ya narkar da gishirin da ke ciki, kuma idan ya bushe sai gishirin ya sake daskarewa ya kumbura, ya ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda laima ke cin gindin katanga da damina. Da zarar dutse guda ya fita, na kusa da shi sun rasa madogara, ramin ya yi ta faɗaɗa, gansakuka ta samu wurin zama. Masu shafa mai ko kakin zuma sun fi ɓarna, tun da suna toshe hanyar da danshi ke fita, ƙura kuma ta manne. Abin takaici, duk wanda ka hana sai ya ce ai ruwa ne kawai.

Ko masana ma danshi ya ba su wahala a wannan gida. Rumfar roba mai ɗaukar haske da masanin gine-gine Franco Minissi ya tsara don rufe daɓen ta riƙa tara zafi da gumi, ambaliyar 1991 ta ƙara dagula lamarin, sai da aka yi doguwar gyara aka sauya yawancin rufin, aka sake buɗe wurin a 2012. Gidan da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1997 ba wurin gwajin kowa ba ne.

Idan ka koma, ka tsaya a kan gadojin da aka tanada, ka dubi doguwar barandar farauta inda zanen ke nuna ana loda namun daji a jiragen ruwa, kuma idan ka ga wani ya buɗe gora a kan daɓen, ka kira mai gadi nan take.